Wasiƙa Zuwa Ga Lambar Izini

Daga Sabo, Ibadan.

Ya ke Lambar Izini,

Ina fata wannan takarda za ta iske ki da wuri fiye da yadda kike iske mu. Na daɗe ina son in rubuto miki, abin da ya hana ni shi ne rashin sanin inda kike zaune. Wasu sun ce a Abuja kike, cikin kwamfutar wani ofis. Wasu sun ce a wayar wani ma'aikaci kike kwana, in ya kashe wayar ke ma kin kwanta ke nan. A asibiti "kod" suke kiran ki. Kawuna kuwa, wanda saboda shi nake wannan rubutu, Hajiya yake ce miki, don ya ce tunda yake bai taɓa ganin wadda ake zaman jira haka ba sai babbar mace mai shirin zuwa biki.

Ba ki san shi ba, ko da yake kin fi kowa iko da lafiyarsa, don haka bari in gabatar miki da shi. Shekara 35 ya yi cikin kaki. Daga nan Sabo ya shiga soja yana saurayi, ya fito da muƙamin samanja. Yana cikin waɗanda aka kai Laberiya ƙarƙashin rundunar ECOMOG a 1990, daga baya aka tura shi Saliyo, kuma kafin ya ajiye aiki sai da ya ga farkon masifar Arewa maso Gabas. Harsashi bai same shi ba. Abin da ya same shi bayan ya dawo gida shi ne hawan jini da ciwon sukari, waɗanda ba sa warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa su har ranar da Allah ya ƙaddara. Ƙwaya biyu ta jini kowace safiya, da allurar insulin. Gwamnati ta ba shi kati, ta ce shi ɗan mazan jiya ne, lafiyarsa tana wuyanta. Ranar da ya karɓo katin sai da ya zagaya da shi majalisar ƙofar gida, kowa ya riƙe ya duba hoton.

Ni ke raka shi asibiti. Ba zan kama sunan asibitin ba, ko na kamfanin da kike fitowa daga hannunsa, don da ke nake magana. Bayan sallar asuba muke fita, mu taka zuwa shataletalen Mokola, mu cusa kanmu cikin tasi ƙirar Micra. Ranar gwajin jini ba ya cin komai, haka likita ya ce. Mu bi layin kati, mu bi layin awon jini, mu bi layin likita. Likitan mutum ne mai kirki, bai cika minti goma da shi ba, don ya san ciwon kuma ya san maganin. Ya rubuta, ya sa hannu, ya buga hatimi. A tunanin duk mai hankali an gama. Sai mu nufi wata 'yar taga a ƙarshen baranda, inda wata baiwar Allah take zaune da kwamfuta da wayoyi biyu. Ta karɓi takarda, ta danna, ta ɗago kai.

"Baba, ku zauna. Mun tura. Muna jiran kod."

Daga nan mulkinki ya fara. Bencin da ke gaban tagar nan na san shi kamar tabarmar ɗakina. A kansa na san wani tsohon kofur mai ciwon mafitsara da ke zuwa daga wajen Ojoo, da wata gwauruwar soja da ke kawo jikanta mai farfaɗiya. Hira takan fara da zafi, a taɓo Monrobiya, a taɓo tsadar shinkafa, sannan ta yi sanyi, kowa ya koma kallon tagar. A kira azahar, mu je mu dawo. "Ba ta zo ba, Baba. Natwok." Mai ciwon sukari da ya sha jira da yunwa jikinsa rawa yake, gumi ya karyo masa, don haka ba na rabuwa da dabino a aljihu. In aka yi la'asar sai ta ce mu dawo gobe. In ranar Juma'a ce, goben nan Litinin ce, don na lura ke ma kina hutun ƙarshen mako. Jinin Kawu ne dai ba ya hutu.

Akwai ranar da kika zo, muka yi murna, muka je ɗakin magani, aka duba aka ce wannan lambar ta ganin likita ce, ta magani daban take, a koma a sake nema. Akwai ranar da kika zo daidai, aka ce maganin ne babu. Akwai ranar da likita ya rubuta na wata biyu, kika amince da na mako biyu. Duk waɗannan ranaku ƙarshensu ɗaya: mu dawo Sabo, Kawu ya tsaya a kemis ɗin bakin layi, ya ciro abin da ya rage na fansho ya sayi kati ɗaya na ƙwaya. Wata safiya na shiga ɗakinsa na tarar da shi da reza, yana raba ƙwayar jini gida biyu a kan murfin kwano. Na ce, "Kawu, likita ya hana wannan." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗan nan, a daji ma haka muke raba harsashi in mota ba ta iso ba." Iya, uwar gidan, tana bakin ƙofa, ta juya ta koma kicin.

Don kada a ce na yi miki shari'a ba tare da sanin asalinki ba, na bincika tarihinki. A 1999 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, shirin kuma bai fara aiki ba sai 2005, zamanin Shugaba Obasanjo. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta tashi daga NHIS ta koma NHIA, aka ce inshorar lafiya ta zama dole ga kowane ɗan ƙasa. Tsarin yana da hawa biyu. A hawa na farko, mutum yana da asibitinsa na yau da kullum, wanda ake biya wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da aka rubuta masa, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. A hawa na biyu, in ciwo ya kai ga likita ƙwararre, ko gwaji mai tsada, ko maganin da ya wuce na yau da kullum, sai a biya asibiti gwargwadon aikin da ya yi. Tsakanin hawa biyun nan akwai ƙofa, makullin kuma yana hannun kamfanonin da ake kira HMO. Ke ce makullin. Asibitin da ya yi aiki ba tare da ke ba, yana iya tashi a tutar babu, domin in ya kai takardar neman kuɗinsa za a tambaye shi ina lamba.

Na yarda ba don mugunta aka halicce ki ba. Inda duk aka tara kuɗin jama'a, ɓarayi sun san hanya. Ana iya rubuta majinyacin da bai zo ba, ko gwajin da ba a yi ba, ko a rubuta magani mai tsada a ba da mai araha. Wani likitan kuma hannunsa ya saba da sunan kamfani mai tsada alhali ga irinsa mai sauƙi. Dole a samu mai tsaron ƙofa. Na kuma san asibitocin suna da nasu kukan. Fiye da shekara goma kuɗin da ake ba su a kan kowane mutum yana tsaye a naira 750 a wata, kuɗin da yau ba zai sayi tsiren kirki a Sabo ba, sai a 2024 da 2025 aka ɗaga shi har ya kai wajen naira 1,450. A tsakanin nan an cire tallafin mai a Mayun 2023, an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kamfanin magani na GSK ya sanar a watan Agustan shekarar cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo. Ɗakin maganin da ya ce babu, wani lokacin gaskiya ya faɗa: an daɗe ba a biya shi na baya ba.

To amma dubi wanda yake biyan kuɗin wannan tsaro. Mai rubuta majinyacin ƙarya yana ofis, ƙarƙashin fanka. Wanda ke kan benci da yunwa tun asuba tsoho ne da ba abin da ya sata. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne maimaicin. Da yau ne aka fara gano ciwon Kawu, da na ce ki tsaya ki duba, ki tambayi likita ko akwai mai sauƙi, ki tabbatar. Shekara nawa yana shan ƙwayar nan? Ke da kanki kin amince da ita a watan jiya, da watan da ya gabace shi. Me kike tsammanin ya canza? Ko kin taɓa jin tsohon da ya kwana da ciwon sukari ya tashi babu? Duk wata sai ya zo ya sake tabbatar miki cewa har yanzu ba shi da lafiya, kamar yadda ake sa su zuwa tantancewar fansho su tabbatar cewa har yanzu ba su mutu ba.

Da a ce kin taɓa zuwa Sabo, da kin gane dalilin da ya sa abin yake yi mana ciwo fiye da kima. A 1916 aka yanka wa Hausawa wannan unguwa, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ibadan da Kano. Kakanninmu da abu biyu suka rayu: shanu su gangaro Kurmi, goro ya hau Arewa. Bafatake zai taso daga Kano ko Katsina ko ƙasar Nijar da garke guda, ya sauka gidan maigidansa a Sabo. Dillali ya haɗa shi da mahautan Yarbawa, su kwashi shanun bashi, a sa rana. Ba takarda, ba hatimi. Maigida ne ya tsaya: in mahauci ya gaza, shi zai biya baƙonsa daga aljihunsa, don in ya bari sunansa ya ɓaci sau ɗaya, labari zai riga shi isa Kano. Har wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zo ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi guda a kan wannan amana, aka buga shi a 1969. Yau ma in kika bi ta layin 'yan canji, za ki ga ana mu'amalar miliyoyi da kiran waya ɗaya, Alhaji ya ce a ba shi, a ba shi. Ba wai Sabo ba ta san maha'inci ba. Ta san shi sarai, shi ya sa dillali yake haddace halin kowane mahauci, wa ke biya, wa ke jinkiri, wa ya taɓa gudu. Wanda ya yi shekaru yana cika alkawari ba a sake tsare shi a ƙofa. Dillalin da bai je makarantar boko ba ya riƙe wannan a kansa. Ke kina cikin kwamfuta, an ce ba kya mantuwa, ga shi duk wata kallon baƙo kike yi wa Kawu.

Ga kuma wani abu da ya kamata ki sani game da mutanen da kike sa wa jira. Barikin da ke maƙwabtaka da mu a Mokola sunansa Letmauck. Yara da yawa a nan suna zaton sunan wani Bature ne. Sunan wani wuri ne a ƙasar Bama, inda sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu, kamar yadda barikokin Dodan da Myohaung da Arakan a Legas suka samo nasu sunayen daga can. Da yawa daga cikin mutanen da aka kwasa zuwa wancan daji da Hausa ake ba su umarni. Ita kanta rundunar sojan Najeriya tana ƙirga asalinta daga 1863, daga 'yan tsirarun mutanen da Kyaftin Glover ya tara a Legas, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover. Tun daga wancan zamani har zuwa na Kawu, ƙa'idar aikin ba ta sauya ba: a yi biyayya tukuna, ƙorafi daga baya. Daren da aka ce su hau jirgin ruwa zuwa Monrobiya, ba wanda ya ce a dakata sai ya tura gida an amince. Mutumin da aka horar shekara 35 kada ya tambayi dalili, shi ne wanda ya fi sauƙin zalunta a bakin taga. Ba zai ɗaga murya ba. Zai gyara zama, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya jira, kamar yana gadi. Na ga farar hula suna buga tebur a wurin nan har a nemo musu mafita. Ban taɓa ganin Kawu ya yi ba. Sai haƙuri ya ƙare ƙaf kafin ki ga irinsu a titi, kamar yadda tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a Disambar 2024 da Janairun 2025 suna neman haƙƙoƙinsu.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tantabaru, manya su maƙala tambarin tunawa da 'yan mazan jiya a ƙirji. Ba na raina wannan, waɗanda suka kwanta dama sun cancanci fiye da haka. Kawu yana kallon bikin a talabijin, yakan miƙe tsaye in an busa ƙaho. Ranar ma da rabin ƙwaya ya karya.

An gaya mini kina da 'yar'uwa a Amurka. Can tsofaffin sojoji suna ƙarƙashin wani shiri da ake kira TRICARE, kuma akwai magungunan da ba a ba su sai likita ya cike takarda, kamfanin Express Scripts da ke riƙe da harkar maganin shirin ya amince. Wani lokacin sai an fara gwada mai araha kafin a yarda da mai tsada. Su ma suna kuka da ita. Bambancin da na gani shi ne, can mutum yana iya duba jerin magunguna tun daga gida ya san wanne ke buƙatar izini, kuma in an amince, amincewar takan ɗauki lokaci mai tsawo, ba a dawo da shi layi duk wata. In kuna zumunci, ki tambaye ta yadda take yi.

Abin mamaki, a takarda an riga an yi miki linzami. Hukumar NHIA, ƙarƙashin Dokta Kelechi Ohiri, ta ba da umarnin da ya fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2025, cewa daga lokacin da asibiti ya nemi izini, kada kamfani ya wuce awa ɗaya bai ba da amsa ba. In an ƙi, a faɗi dalili. In larurar gaggawa ce, a fara magani, a neme ki daga baya cikin awa 48. Tun kafin nan ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai larurar gaggawa. Da na karanta wa Kawu wannan a waya sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Awa ɗaya ta agogon wa?" Ban da amsa. Abin da na sani shi ne a kan bencin nan ba wanda ya taɓa jin labarin umarnin sai da na faɗa, kuma ba a manna shi a bangon da ke fuskantar mu ba, inda aka manna sanarwar hana tofar da yawu.

Akwai kuma gurbin da umarnin bai rufe ba. Hawan jini ba ya shigowa asibiti da ihu. Mai shi zai zo da ƙafarsa, ya gaisa da kowa, ya yi raha, don haka ba mai rubuta shi cikin larurar gaggawa. Sai ya yi kwana biyar ba ƙwaya, jijiya ta fashe a ka, ɓarin jiki ya shanye, sannan a kawo shi a kwance. A ranar kam ba mai jiran ki. A ranar za a buɗe ƙofa, a ba da gado, a yi hoton ƙwaƙwalwa, a kashe ninkin ba ninkin abin da kika tsare. Ko da lissafin kuɗi kaɗai kika iya, wannan lissafin bai fita ba. Tsohon kofur ɗin nan na Ojoo wata biyu ban gan shi a benci ba, kuma ina jin tsoron tambaya.

Ba na cewa a kashe ki. Buƙatata ƙarama ce. Mai ciwon da ba ya warkewa, wanda likita ƙwararre ya tabbatar, ki amince masa sau ɗaya na wata shida ko shekara, kada a sake neman ki sai in an canza magani. Lamba ɗaya ta ɗauki ganin likita da gwaji da magani, tunda ciwo ɗaya ne a jikin mutum ɗaya. In an tura neman ki, saƙo ya shigo wayar majinyaci da lokacin da aka tura, in kin fito ma ya shigo, don mu san wa ke riƙe da mu, domin yanzu asibiti yana cewa kamfani ne, kamfani yana cewa asibiti bai turo ba, mu muna tsakiya. In ɗakin magani ya ce babu, a ba mu takardar da za mu kai wani kemis da aka amince da shi, maimakon a ce mu saya mu kawo rasit, rasit ɗin da Kawu ya tara a cikin tsohuwar jakar sojansa har sun fara goge rubutu. Sannan a samu mai ɗaukar waya ranar Asabar da Lahadi. Waɗanda suke riƙe da ke ba kyauta suke aikin ba, ana biyan su a kan kowane kati, har da na Kawu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ki gaida baiwar Allahn nan ta bakin taga in kin iso wurinta. Ba ni da haushinta. Ita ke shan harara da baƙar magana a madadinki, kuma na taɓa ganin ta ciro biskit daga jakarta ta miƙa wa Kawu da ta ga hannunsa yana rawa.

Ranar Talata mai zuwa ce ranar asibitinsa. Insulin ɗin da ke cikin randar Iya, inda muke ajiye shi saboda rashin wuta, ba zai wuce Laraba ba. Za mu iso da ƙarfe bakwai in Allah ya yarda. Na buga umarnin awa ɗayan nan a takarda, zan riƙe shi a hannu, kuma zan rubuta lokacin da aka tura neman ki. Don Allah ki riga azahar isowa.

Wassalam.

Ni ne,
Ɗan rakiyar Samanja,
Sabo, Ibadan.